Ɗana ya yi ƙafa da wuri amma ya yi nauyin baki, wa ya taɓa gani?

Maman Zaid, Aboabo

Assalamu alaikum iyaye. Ɗana yana da shekara biyu da wata huɗu. Tun yana wata goma ya miƙe da tafiya, yanzu kuwa in ya samu ƙwallo a tsakar gida sai an kama shi da ƙarfi kafin ya ci abinci. Amma baki shiru. Daga "Mama" sai "ba" sai "wawa", wato ruwa. In yana son abu hannuna yake ja har wurin. Surukata ta ce duk yaron da ƙafa ta riga zuwar masa sai ya yi nauyin baki, wai ubansa ma haka ya yi. Maƙwabciyata kuma ta ce yare muka yi masa yawa: Hausa a ɗaki, Tonanci (yaren Ashanti na nan Kumasi) wajen yaran gidan da muke haya, Turanci a gidan raino. Don Allah wanda ya taɓa shiga irin wannan ya gaya min yadda ya yi.

Baban Hanifa, Asawase

Wa alaikumus salam. Maman Zaid, kafin komai a duba kunnensa. Tamu Hanifa haka ta yi, ga gudu ga hawan kujera, amma magana ta ƙi. Kowa a gida rantsuwa yake tana ji, domin in an buga ƙofa tana juyowa, in babur ya wuce tana leƙawa. Wata nas a wurin awo ce ta sa na tsaya a bayanta na kira sunanta a hankali. Yarinya ko motsi. Ta rubuta mana takarda zuwa sashen kunne, hanci da maƙogwaro na Asibitin Komfo Anokye.

A can aka sa mata wani ɗan roba a bakin kunne, na'ura ta zana layi a takarda, likita ya ce ruwa ne ya taru a bayan dodon kunnenta, kuma yawan murar da take yi ne ya jawo. Ba ya zafi, ba ya fitowa waje, shi ya sa ba mai lura. Tana jin ƙara, amma magana tana zuwar mata kamar ta mutumin da ke cikin rijiya. Ya ce a yara da yawa ruwan kan janye da kansa cikin wata uku, in ya ƙi sai a yi ƙaramin aiki a sa bututu. Nata ya janye. Kalmomi ba su zubo rana ɗaya ba, amma daga nan muka fara ganin canji. Yanzu tana KG 2, ajin share fagen firamare, sai mun ce ta yi mana shiru.

Hajiya Kaka, Sabon Zango

Ku yaran yanzu komai asibiti. Na goyi nawa, na goyi jikoki, a ciki akwai wanda sai da ya kusa shekara uku ya buɗe baki, yau shi ne mai wa'azi. Amma ban ce kar ki je ba, 'yata. Abu biyu zan ja miki kunne. Kar ki yarda a kai shi wurin wanzami a ce za a yanke linzamin harshe ko a cire beli don ya yi magana, na ga jinin da aka sha wahalar tsayarwa a unguwarmu. Sannan ki karɓe wayar nan daga hannunsa. Mu da goyo muke zuwa kasuwa, yaro na baya yana jin ciniki, yana jin gaisuwa, da dare a yi masa gatanan gatananku. Yanzu an miƙa masa waya an shige kicin, to da wa zai yi magana?

Anti Nas, Tafo

Hajiya ta faɗi gaskiya kan wanzami. Linzami yakan hana jariri kama nono da kyau, amma ba shi ke hana yaro sanin kalmomi ba. Kan waya ma, Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da shawara a 2019 cewa kafin shekara biyu kar a zaunar da yaro gaban allo, daga biyu zuwa huɗu kuma kar ya wuce awa ɗaya a rana.

Inda zan saɓa wa surukarki, da girmamawa, shi ne batun ƙafa. Tafiya a wata goma tana cikin lokacinta, yara kan fara tsakanin wata tara zuwa sha takwas, kuma ba ta cin rabon baki. Abin da muke dubawa a shekara biyu shi ne yaro ya haɗa kalma biyu, irin "ba ni" ko "Baba tafi". Zuwa biyu da rabi ana sa ran kalmomi kamar hamsin. Kuma a ƙirga na dukkan yarukan da yake ji. In ya ce "nsuo" da Tonanci ya ce "ruwa" da Hausa, duka nasa ne. Yare biyu ko uku ba sa jawo nauyin baki, in da suna jawowa da duk Zango ba mai magana.

Maman Zaid, amsa min waɗannan. Yana nuna abu da yatsa don ki gani, ko don ki ba shi kawai? In kin ce "ɗauko takalminka" ba tare da kin nuna ba, yana ɗaukowa? Akwai kalmar da yake faɗa a da ya daina? Ya yi shawara mai tsanani yana jariri, ko sanƙarau? Waɗannan biyun suna iya taɓa ji.

Maman Zaid, Aboabo

Anti, in jirgi ya wuce yana nuna min yana duban fuskata. Takalmi kuma wani lokaci ya ɗauko, wani lokaci ya tsaya yana kallona. Bai yi shawara ba, bai bar wata kalma ba. Mura dai kam ba ta barinsa.

Maman 'Yan Biyu, Asokore Mampong

Nunin nan da yake yi alama ce mai kyau, 'yar'uwa. Ni Hassan ya riga Husaini magana nesa ba kusa ba, har ya zama shi ne bakinsa: Husaini ya yi ƙugi, Hassan ya ce "shayi yake so". Kunnensa lafiya lau aka samu, sai aka haɗa mu da mai koyar da magana. Ku shirya jira, ba su da yawa a ƙasar nan, sai a 2016 Jami'ar Ghana ta fara horar da su a Korle Bu da ke Accra.

Na ɗauka yaron za ta yi wa aiki, ashe ni za ta koya wa. Ta hana ni "ce kaza, ce kaza". Ta ce in durƙusa daidai fuskarsa, in riƙe ƙosai a hannu ɗaya burodi a ɗaya, in ce "ƙosai ko burodi?" sannan in yi shiru ina ƙirga har goma a zuci. Shirun nan ya fi komai wuya, ga yaro na kuka, ga Hassan na son amsawa. In ya ce "sai" ba na gyara shi, sai in ce "ƙosai, ga ƙosai mai zafi" in ba shi. In ya faɗi kalma ɗaya in mayar masa da biyu. A wanka, a wanki, a cikin motar haya ta trotro, duk abin da idonsa ya sauka a kai shi nake ambata. Wata malama a makarantar da na fara sa su ta ce in daina yi musu Hausa, Turanci kawai. Na ƙi. Turancina na ciniki ne, da Hausa nake iya yi wa yaro wasa da waƙa, kuma mai koyar da maganar ta goyi bayana.

Koci, Yalwa

Ni yaran kolts nake horarwa, wato ƙungiyoyin ƙwallon ƙananan yara, bari in taɓa ɓangaren ƙwallo. Iyaye maza kan zo min da ɗan shekara uku, wai ga Mohammed Kudus na gobe, ɗan ƙwallon Ghana ɗin nan. Malam, buga ƙwallo da ƙafa a shekara biyu abu ne da yawancin yara ke yi. Tsalle da ƙafa biyu sai wajen biyu da rabi, cafe babbar ƙwallo sai huɗu, tsalle da ƙafa ɗaya sai biyar. Kudus ɗin ma a Nima da ke Accra ya yi ta wasan unguwa, sai a 2012 ya shiga makarantar ƙwallo ta Right to Dream. Kafin shekara shida duk tururuwa suke yi kan ƙwallo, ba mai ba wani. Ba ruwansu da atisaye, fili suke so da faɗuwa da tashi.

Amma tunda Zaid ƙwallo ce ransa, Baban Zaid ya zauna a ƙasa su riƙa turo wa juna. Ya riƙe ta ya ce "ɗaya, biyu…" ya jira. Yaron da ke son a sako masa ƙwallo zai nemi abin faɗa.

Maman Abdul, Sawaba

Tawa ta bambanta, na faɗa ne don wata mai karantawa ba don in tsorata Maman Zaid ba. Abdul ya fi kowa gudu a gidanmu. Yana da 'yan kalmomi a shekara ɗaya da rabi, sai suka ɓace. Ba ya nuni, ba ya juyowa in an kira shi alhali kunnensa ƙalau, sai ya wuni yana jera murafen kwalba a layi, in ka taɓa ɗaya gida ya ɗauka. An ce iska ce, an ce baki ne. Addu'a ban bari ba har gobe, amma na haɗa da asibiti, likitan yara ya ce otizim ne, wato lalurar da ke taɓa magana da mu'amalar yaro da mutane. Yanzu shekararsa shida, yana amfani da hotuna da wasu kalmomi, kuma ranar da ya yi gudu ya gaji ya fi barci da natsuwa. Duk wadda ɗanta ya bar kalmar da ya iya, kar ta jira ya cika uku.

Baban Hanifa, Asawase

Maman Zaid, da murar nan da kika ambata ni dai kunnen nake zargi, Allah ne masani. Ki fara ta wurin awo ko asibitin unguwa su ba ki takardar turawa. Ki riƙe katin inshorar lafiya, ki tabbatar bai ƙare ba, da littafin awonsa. Ki rubuta duk kalmomin da yake faɗa ko da guntaye ne, ki ɗauke shi bidiyo yana wasa a gida, don a gaban likita yara ƙin motsi suke yi. Ki yi sammako bayan asuba, ki tafi da kokonsa a fulas, layin yana da tsawo.