Don Allah ku ba ni shawara: rukuni ya cika da masu sa kai, amma ranar aiki ba kowa

Maman Ilham:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Abin nan ya dame ni har barci ba na samu sosai. Muna da wata 'yar ƙungiya mai taimaka wa marayu da karatu ta intanet. Masu aikin sa kai ne ke koya wa yaran lissafi da Turanci ta waya. Ni da ƙawata muka kafa ta. Tun muna makaranta muke tare, ɗaki ɗaya muka zauna, ita ta fara kawo maganar, ni na rubuta tsarin na yi ta zirga-zirgar rajista, har maigidana ya ba mu kwamfutarsa muka fara da ita. Malaman farko duk ita ta kawo su, ƙannenta ne da abokan aikinta. Ba su da yawa, amma ba a taɓa fasa darasi ba. To bara wani abu ya shiga tsakaninmu, ba sai na faɗa ba, ta janye. Ba ta ce wa kowa ya tafi ba, amma ɗaya bayan ɗaya suka zame.

Sai na sa fom a shafinmu na Facebook, mutane suka cike da yawa, na zuba su a rukunin WhatsApp. In na sa hoton yaran sai addu'a ta ko'ina. In na ce wa zai ɗauki darasin Asabar, shiru. Makon jiya wata yarinya ta zauna da wayar kakarta tana jiran malami har lokaci ya wuce, ta turo min saƙon murya: "Anti, yau ma babu?" Ya zan yi?

Malam Nasiru:
Wa alaikumus salam. Hajiya, matsalarki a fili take, kuma na daɗe ina faɗa a nan. Kin tara 'yan kallo kina kiran su ma'aikata. Tun 2006 Jakob Nielsen, masani kan yadda mutane ke amfani da shafukan intanet, ya bayyana yadda taron intanet yake: cikin mutum 100, kusan 90 karatu kawai suke yi, 9 su kan tofa albarkacin bakinsu jefi-jefi, mutum 1 ne ke ɗaukar nauyin. Sannan akwai binciken masanin zamantakewa Doug McAdam kan matasan da suka nemi zuwa aikin sa kai a jihar Mississippi ta Amurka a 1964. Duk sun cike takarda, duk suna son abin, amma waɗanda ke da aboki na kusa a cikin tafiyar su suka fi zuwa a ƙarshe. Mutum yana cika alkawari ne saboda nauyin wanda ya kira shi. Fom ba shi da ido balle a ji kunyarsa. Ki rufe rukunin nan, ki je ki shirya da ƙawarki. Shi ke nan.

Ummu Sadiƙ:
Ni dai na ga laifin ƙungiyoyi ma. Na yi wa wata ƙungiya fassarar takardun lafiya kyauta, da datata, dare nake rabawa bayan yara sun yi barci. Da rahoton shekara ya fito, hotunan shugabanni ne kawai, ko sunana babu. Wallahi har yau abin yana min ciwo. Maman Ilham, kina ba su kuɗin data kuwa?

Maman Ilham:
Malam Nasiru na gode, amma maganar ƙawata a bar ta don Allah, ba ka san abin da ya faru ba. Rufe rukuni kuma ba zan iya ba, wahala na sha kafin na tara su. Ummu Sadiƙ, aikin sa kai ne fa. Ɗan abin da muke samu kan yaran yake tafiya. Kuma ina musu godiya kullum a rukunin.

Abdul:
Da girmamawa Malam, ban yarda da kai ba. Ai dogaro da mutanen mutum ɗaya ne ya jefa ta cikin wannan halin. Igiya ɗaya ce ta riƙe kowa, da ta tsinke duk suka watse. In ta koma haka, gobe ma sai a maimaita. Masanin zamantakewa Mark Granovetter ya nuna tun 1973 cewa sababbin damammaki sun fi zuwa ta hannun wanda kuka san juna sama-sama, domin aminanka abin da ka sani shi suka sani. Anti, baƙin nan alheri ne, ba su san juna ba ne kawai. Ki daina jefa tambaya ga kowa da kowa, don kowa zai ɗauka wani zai amsa. Ki kira mutum ɗaya da sunansa, ki ce Asabar, minti 30, yaro kaza. Ki haɗa su biyu-biyu su saba. Dandalin sa kai ta intanet na Majalisar Ɗinkin Duniya ma haka yake, ana fayyace aikin da lokacin da zai ci, a ba da takardar shaida in an gama.

Malam Nasiru:
Abdul, binciken da ka kawo kan samun aikin yi ne da yaɗuwar labari. Jin labari daban, tsayawa kan aiki wata da watanni daban. Na shugabanci ƙungiyoyi kafin wasunku su fara riƙe waya. Kuma Hajiya ki sani, a 2018 Facebook ya fifita abin da 'yan'uwa da abokai suka wallafa a kan na shafuka. Sanarwar shafinki ba kowa ke gani ba, amma in malami ɗaya ya sa a bangonsa, mutanensa za su gani. Maganata ce dai ta dawo.

Hajiya Binta:
Takardar shaidar nan ku yi hattara da ita. Mu da muka fara bayarwa, sai masu neman abin sawa a takardar neman aiki suka cika mu, suna karɓa suna ɓacewa. Ɗaya ma har ya yi min rashin kunya don na ce sai ya cika wata uku.

Maman Ilham:
Abdul, na taɓa bin wasu ta saƙo ɗaya-ɗaya, sun ce in sha Allah, ba su zo ba. Kuma ni kaɗai ce, ga gida ga aiki, ina zan samu lokacin haɗa mutane biyu-biyu? Ni a ganina zamani ne kawai, mutane ba sa son aikin lada. Ina tunanin sake sa fom ɗin a Instagram ko za a dace.

Ummu Sadiƙ:
Kar ki ce ba sa son lada, Maman Ilham. Godiya a rukuni ba ta sayen data.

Abdul:
Anti, kafin ki ƙara wasu, tambaya ɗaya. Waɗannan da suka cike fom, wa ke tantance su kafin a ba su lambar yaran? Mutanen ƙawarki an san su. Waɗannan fa?

Malam Nasiru:
Shi ya sa na ce ta nemi ƙawarta. Hajiya, wai me ya haɗa ku ne?