Me za mu kira "craft beer" da Hausa? Ni dai na tsaya a kan "giyar hannu"

1/ Masu fassarar labaran kasuwanci kan ci karo da "craft beer", wato giyar da ƙananan masu dafawa masu zaman kansu ke yi, sai su rubuta "giya" kawai su wuce. Ma'ana ta zube ke nan, domin labarin yakan kasance ne a kan rikicin masu wannan giya da manyan kamfanoni. Sa wa abu suna ba halatta shi ba ne. Caca ma tana da suna a Hausa, kuma kowa ya san hukuncinta.

2/ Mu fara sanin abin. A ƙarshen shekarun 1970 wuraren dafa giya a duk faɗin Amurka ba su kai 100 ba, 'yan manyan kamfanoni sun mamaye kasuwa da giya mai ɗanɗano kusan iri ɗaya. A 1978 Shugaba Jimmy Carter ya sa hannu a dokar da ta ba mutane damar dafa giya a gidajensu. Cikin masu dafawar gida wasu suka mayar da abin sana'a, irin su Ken Grossman da ya buɗe Sierra Nevada a Kalifoniya a 1980. Daga baya adadin wuraren dafa giya a Amurka ya haura 9,000. A Birtaniya kuwa tun 1971 masu sha suka kafa ƙungiyar CAMRA don kare giyarsu ta dauri daga ta manyan kamfanoni.

3/ "Giyar gargajiya" ce ke fara zuwa baki, amma sunan yana da masu shi: burukutu da fito, waɗanda mata ke dafawa da tsiron dawa ko gero a manyan tukwane, a sha a ƙwarya. Ita kuwa wannan ba gado ba ce, sabon salo masu ita ke nema kullum, yau a zuba kofi, gobe ɓawon lemo. "Giyar gida" ma ba ta yi ba, don wannan ta wanda ya dafa wa kansa ce, ba ta sayarwa ba.

4/ "Giyar ƙananan kamfanoni" ta yi tsawo, kuma ƙanƙantar ma da magana. Ƙungiyar masu dafa irin wannan giya ta Amurka, Brewers Association, tana lissafa mai dafa har ganga miliyan 6 a shekara cikin ƙanana, kowace ganga kuwa kusan lita 117 ce. Wannan ai ya wuce ƙarami a kunnen Bahaushe.

5/ Shi ya sa na zaɓi "giyar hannu". Harshen ya riga ya share mana hanya: muna da ɗinkin hannu, saƙar hannu, aikin hannu, kuma da jin su ka san kishiyarsu ita ce ta kamfani. Za a ce ai da tankunan ƙarfe da injin sanyi ake dafa ta, ina hannu a nan? To taliya 'yar murji ma da ɗan inji ake murza ta, amma ba wanda ya taɓa kiranta ta kamfani, domin an san matar da ta kwaɓa fulawar, ita ta san gishirin da ta sa. Haka mai giyar hannu: shi ke zaɓen sha'irinsa, ya tsirar ko ya saya tsirarre, ya auna furen hof mai kawo ɗaci da ƙamshi, ya ɗanɗana kafin ya sallama, kuma sau da yawa yana tsaye a wurin da ake sayarwa.

6/ Abin da ya fi jan hankalina shi ne ma'ana ta biyu. In mun ce abu yana hannun wane, mallaka muke nufi. Sharaɗin ƙungiyar Brewers Association ma ke nan: kada hannun jarin wani babban kamfanin barasa ya kai kashi 25 cikin ɗari. Madafar giya ta Anchor da ke San Faransisko, wadda Fritz Maytag ya ceto a 1965, ana ɗaukarta cikin iyayen wannan harka. Da kamfanin Sapporo na Japan ya saye ta a 2017 sai ta fita daga lissafi, a 2023 aka rufe ta. Da Hausa jimla ɗaya ta isa: ta bar hannu, ta koma ta kamfani.

7/ Saura mutanenta. Kada a ce musu "mashaya", kalmar tana ɗauke da zargin buguwa, alhali su da ɗanɗano suke tinƙaho: a jera musu 'yan kofuna huɗu ko biyar su kurɓa su yi ta musu kan launi da ƙamshi, su je bukukuwa, su rubuta maki a manhajar waya. "Ma'abota giyar hannu" ta wadatar. Wurin aikin kuma "madafar giya", tun da dafa giya muke cewa.

8/ Kalmar za ta yi aiki a labaran gida ma. Bature Brewery, mai suna da Hausa, a Abuja ta faro kafin ta koma Legas, kuma mai fassara zai iya rubuta "madafar giyar hannu ta Bature" ba tare da mai karatu ya zaci gidan burukutu ake nufi ba.