Muhawara: ina za a sa tes ɗin "an canza kalmar sirrinka" a Django?

Ɗan Gangare: Salamu alaikum 'yan uwa. Manhajar 'yan adashi nake ginawa da Django, wato tsarin gina manhajar yanar gizo da Python. So nake duk wanda ya danna "na manta kalmar sirri" ya sa sabuwa, tes ya shiga wayarsa nan take. Ni dai na ce post_save a kan User, wato siginar da ke tashi duk lokacin da aka ajiye bayanan mai asusu, ya wadatar, layi goma an gama. Mai ja ya fito.

'Yar Unguwar Rogo: Wa alaikumus salam. Ga mai ja nan. post_save bai san dalilin ajiyar ba. Ko shiga mutum ya yi kawai, Django zai sabunta last_login, wato lokacin shigarsa ta ƙarshe, siginar ta tashi.

Ɗan Gangare: Sai in kwatanta tsohon hash, wato murɗaɗɗiyar sigar kalmar da Django ke ajiyewa, da sabo, Anti. In sun bambanta, an canza.

'Yar Unguwar Rogo: Nan ne ramin, ƙanena. Ranar da ka ɗaga Django zuwa sabon fitowa, adadin zagayen PBKDF2, hanyar da yake yin hash, yakan ƙaru. Duk wanda ya shiga da kalmarsa ta da, Django zai sake mata hash ya ajiye a shiru. Ka ga hash ya bambanta alhali ba wanda ya taɓa komai. Yanzu ka hango matan adashi ɗari biyu sun tashi da asuba cikin sanyin Jos, kowa da tes cewa an canza mata kalmar sirri, kuɗinsu kuma na ciki. Kafin azahar suna ƙofar gidanku.

Ɗan Rikkos: Wallahi har da 'yan rakiya! Ni gadon PasswordResetConfirmView nake yi, wato shafin Django na sa sabuwar kalma, in sa aikina a form_valid bayan super, bayan Django ya gama nasa aikin ke nan. Wurin ba ya tashi sai mahaɗin imel ya inganta, sabuwar kalma ta karɓu.

Ɗan Gangare: To Laravel, takwaran Django a PHP, ai yana da PasswordReset, django-allauth ma, kunshin shiga asusu na Django, na da siginar password_reset. Me ya sa tawa ce haram?

Ɗan Rikkos: Waɗancan don wannan aikin aka yi su. Taka ta kowa da kowa ce.

Malamin Bukuru: Ku duka kun bar ƙofa ɗaya a buɗe. In ma'aikaci ya canza wa mutum kalma ta shafin admin, ko ta umarnin changepassword, form_valid ɗinka bai ji ba bai gani ba. Akwai password_changed a cikin masu tantance kalmar sirri: yana tashi bayan set_password da save, kuma ba ya tashi a kan sabunta hash ɗin da ake magana.

'Yar Unguwar Rogo: Gaskiya ne Malam, amma kalmar tsirara ake miƙa masa. Yaro ɗaya ya sa print don gwaji, ta zauna a log. Sabon mai rajista ma zai samu tes ɗin.

Malamin Bukuru: Wannan na karɓa.

Ɗan Gangare: To na bi form_valid, siginar ta huta. Amma in kamfanin tes ya yi nauyi fa? Shafin zai tsaya yana juyi.

Ɗan Rikkos: Ka tura wa Celery, mai gudanar da aiki a bayan fage. Kuma ka rage PASSWORD_RESET_TIMEOUT, wato wa'adin mahaɗin imel ɗin, kwana 3 ne in ba ka taɓa shi ba. Mahaɗin kuɗin mutane bai kamata ya kwana uku a imel ba.