Rahoton tarihin mota tokumbo: wa ya kamata ya biya? Ku faɗi abin da ya same ku

Malamin firamare, Zariya:
Salamu alaikum 'yan uwa. Shekara uku ina tara kuɗi zan sayi Corolla tokumbo, dilan yace 2013 ce ba hatsari ba komai, da nace ya nuna min rahoton Carfax, wato kamfanin Amurka dake tara tarihin motoci, sai yace sai dai in biya da kaina. Na duba naga rahoto ɗaya ya haura dala 40, ku lissafa a naira, kuma motoci uku nake dubawa. Nidai a ganina wannan abu kyauta ya kamata ya zama tunda rayuwar mutane ce a ciki. Wanda ya taɓa shiga irin wannan dan Allah ya bamu labari.

Bakanike, Ƙofar Ruwa:
Wa alaikumus salam Malam. Biya kawai wlh, kuɗin nan ba komai bane akan abin da nake gani a gareji. Wajen 2018 wani maigidana ya kawo Camry tana sheƙi kamar amarya, sati biyu gilas ya daina sauka, sai fitilar injin, sai giya ta fara fizga, rewaya ya kwana uku akanta bai gano komai ba. Da muka ɗaga kafet sai ga busasshen taɓo a ƙasa da tsatsa a ƙusoshin kujera, kan wayoyin duk sun yi kore. Ashe daga Texas ta fito, cikin waɗanda ambaliyar Harvey ta shanye a Houston a 2017. Motar ruwa bata mutuwa rana ɗaya, kaɗan kaɗan take cinka, yau birenbos gobe sensa. Ƙarshe kayan gyara aka sayar da ita.

Hajiya mai atamfa, Kaduna:
Ni kuma rahoton aka bani a hannu, an buga shi a takarda mai kala harda tambari, mai ita ɗaya, ba hatsari. Ɗana ne ya ɗauki takardar yaje ya gwada lambar shasi da wadda ke jikin gilashin gaba ta gefen direba, sai yaga lambobi biyu na ƙarshe sun bambanta, wato rahoton wata motar ce daban irin tata kala ɗaya. Da muka yi magana mutumin yace kuskuren yaronsa ne, hmm. Tun daga ranar duk takardar da mai sayarwa ya miƙo min bana kallonta, ko kyauta ce ko ta kuɗi.

Dilan mota, Kano:
Hajiya Allah ya baki haƙuri, akwai ɓata gari a cikinmu ban musa ba. Amma a ji namu ɓangaren. Yawancin motocin da muke ɗaukowa daga gwanjon Copart da IAAI ne, kuma mafi yawansu masu hatsari ne da inshora ta biya masu su, a nan sauƙin yake, a kawo Legas a biya kwastam a kai wa fanalbita ya miƙe ta. In na kawo wadda bata taɓa bugewa ba na faɗi kuɗinta kowa guduwa yake, kowa na son mai arha kuma mai tsabta, ina ake samun haka. Sannan rahoton ma ba wahayi bane, na taɓa sayen Accord rahotonta fes, da ta iso muka tarar ƙofofi biyu duk fila ce, mai ita ya gyara da kuɗin aljihunsa bai kira inshora ko 'yan sanda ba shi yasa babu inda aka rubuta. Ni dai ina nuna wa kwastoma hotunan gwanjon in ya tambaya.

Bakanike, Ƙofar Ruwa:
In ya tambaya ko Alhaji? Wanda bai san ana tambaya ba fa? Jakar iska nawa na buɗe na tarar ba komai ciki an manne murfi an kashe fitilar.

Ɗalibi a Ingila:
Anan gwamnati ce ke bada wani ɓangare kyauta. Ka shiga shafin gov.uk ka saka lambar mota zaka ga tarihin gwajin lafiyar mota da ake kira MOT na kowace shekara, mil nawa ta yi a ranar da kuma abin da ta faɗi akai. Da zan sayi tawa naga wata a 2019 mitarta ta nuna sama da dubu 120, a 2021 kuma ta koma dubu 80 da wani abu, na juya abina ko gaisawa bamu gama ba. Amma sanin ko akwai bashi akan motar ko inshora ta taɓa yafe ta, wato ta biya mai ita saboda lalacewar tayi yawa, wannan sai ka biya. Wanda yafi burge ni na Beljiyam ne, tun 2006 doka ta tilasta wa mai sayarwa ya baka takardar Car-Pass mai ɗauke da tarihin kilomita, shi zai nemo ta ba kai ba. Abin dariya mu da muke kiran motocin 'yan Beljiyam bamu taɓa tambayar wannan takarda ba.

Direban tirela, Ohio:
Malam kafin ka kashe dala 40 sau uku fara da na kyauta. Shafin VINCheck na NICB, ƙungiyar dake yaƙi da satar motoci da zambar inshora a Amurka, zai gaya maka ko an kai rahoton sata ko inshora ta yafe ta, sau biyar a rana suke bari. Shafin NHTSA, hukumar kiyaye haɗurran hanya ta Amurka, kuma zai nuna ko kamfani ya kira motar gyara ba'a kai ba. Akwai NMVTIS, rumbun bayanan takardun motoci dake ƙarƙashin ma'aikatar shari'a ta nan Amurka, wannan da 'yan daloli kaɗan zaka ga ko takardarta ta salbej ce, wato ta motar da inshora ta yafe. Sannan ka kwafi lambar shasin nan mai haruffa da lambobi 17 ka zuba a Google, sau da yawa hotunan gwanjo fitowa suke ka ganta yadda take kafin fenti. Wadda ta tsallake duk wannan ita kaɗai zaka biya wa cikakken rahoto. Kyauta gaba ɗaya kam bana jin zai yiwu, kamfanoni ne masu zaman kansu, tara bayanan nan shine kasuwarsu.

Ɗan Maraɗi:
Mu nan da yawa daga Kwatano muke ɗauko na Turai, rahoton Amurka baya mana amfani akansu. Kuma duk maganar nan akan tokumbo ce, motar da tayi shekara biyar tsakanin Maraɗi da Katsina wa ya rubuta tarihinta? Bakanike da tocila shine rahotonmu.

Malamin firamare, Zariya:
Nagode ƙwarai. Yau da safe na koma na ɗauki hoton lambar shasin Corollar. Wani ya tura min cewa harafi na goma shine shekara, D ne 2013, tata kuwa A na gani wato 2010, bamba da fitilu aka canza mata. Na nuna wa dilan yace ai duk ɗaya ne injin ɗaya ne, amma nan take ya rage dubu ɗari takwas ban ma roƙa ba. Ta biyun Google ya nuna ta a gwanjo gabanta a murƙushe har taya. Saura ta ukun, ita zan biya wa rahoto, oga na Ƙofar Ruwa in kana da sarari ranar Asabar zan shigo Kano mu ɗaga kafet ɗin tare.