Da me ake auna ƙarfin mujallar fiziks?

Rabi'atu: Assalamu alaikum malamaina, ina neman shawara. Na gama rubuta maƙala a ɓangaren ƙwayoyin da ke cikin zarra, mujallu biyu nake dubawa. Impact Factor ɗin ɗaya ya kusa ninka na ɗayar, amma mai duba aikina ya nace a kan mai ƙaramar lambar. To in ba da wannan lambar ba, da me ake gane ƙarfin mujalla?

Malam Auwal: Wa alaikumus salam. Ki fara sanin abin da lambar take ƙirgawa tukuna. Kamfanin Clarivate ke fitar da ita duk shekara a rahotonsa na Journal Citation Reports (JCR). Ɗauki ta 2023: a ƙirga sau nawa aka ambaci maƙalun da mujallar ta buga a 2021 da 2022 a cikin shekarar 2023, sai a raba da yawan maƙalun. Iyakarta ke nan. Eugene Garfield ma da ya fito da ita, don tace mujallun da za su shiga kundin ambaton maƙalun kimiyya na Science Citation Index ya yi ta, ba don a auna maƙalar mutum ɗaya ba.

Dakta Bilkisu: Bari in ɗora a kan na Malam Auwal. Matsakaici ne fa, kuma maƙala ɗaya tana iya jan kowa sama. Acta Crystallographica Section A tana kan 2 da 'yan kai a 2008, a 2009 sai ga ta ta kusa 50. Me ya faru? George Sheldrick ne ya buga maƙala a kan manhajarsa SHELX, duk wanda ya yi aiki da manhajar sai ya ambace ta, su kuwa dubbai ne. Sauran maƙalun mujallar suna nan yadda suke. Da maƙalar ta fita daga cikin shekara biyun, lambar ta koma inda ta fito. Don haka Rabi'atu, in makarantarku na da damar shiga JCR, kar ki tsaya a babbar lambar da ke sama. Ki gangara ƙasa ki ga yadda ambaton ya rarrabu a tsakanin maƙalu, da abin da maƙalar tsakiya ta samu.

Nura: Dakta, to Reviews of Modern Physics fa? Na ga lambarta ta ninka ta Physical Review Letters sau da yawa.

Dakta Bilkisu: Ai ita maƙalun bita take bugawa, masu tsawo, kaɗan a shekara. Duk mai rubuta gabatarwa can yake zuwa ya kafa hujja. Ba aiki iri ɗaya suke yi ba, ba a jera su.

Farfesa Isa: Na daɗe ina karanta ku. Abin da ya fi damuna da shekara biyun nan shi ne fiziks ba ya sauri haka. Steven Weinberg ya buga maƙalarsa mai shafi uku a Physical Review Letters a 1967, wadda ta haɗa ƙarfin lantarki da maganaɗisu da ƙarfin nan mai rauni na cikin zarra. Shekarun farko kusan babu wanda ya kula ta. Sai da Gerard 't Hooft ya nuna a 1971 cewa lissafin irin wannan nazari yana tafiya daidai, sannan aka yo kanta. A 1979 ta kai shi ga kyautar Nobel tare da Abdus Salam da Sheldon Glashow. In da ma'aunin shekara biyu aka bi, maƙalar nan ja da baya ta yi wa mujallar.

Ke kuma 'yata, a ɓangarenki mutane ba sa jiran mujalla. Tun 1991 da Paul Ginsparg ya kafa arXiv, rumbun intanet da ake ɗora maƙala kafin mujalla ta buga ta, can ake fara karanta aiki, ana ma ambatonsa kafin ya fito. Ki shiga INSPIRE-HEP, rumbun bayanan maƙalun ɓangarenki, ki nemo maƙalun da suka fi tasiri a kan batunki a 'yan shekarun nan, ki ga inda aka buga su. Da ƙungiyoyin bincike na ATLAS da CMS suka gano ƙwayar Higgs a 2012, a Physics Letters B suka buga, alhali akwai mujallun da suka fi ta lamba nesa ba kusa ba. Ina jin abin da malaminki ya hango ke nan.

Rabi'atu: Allah ya ƙara girma Farfesa. Wallahi yawancin waɗanda na ambata a maƙalar, a mai ƙaramar lambar suka fito.

Malam Auwal: To ai kin ba kanki amsa.

Sadiya: Ranka ya daɗe Farfesa, a yi min afuwa, amma ranar da takardunta za su je gaban kwamitin ƙarin girma ko masu ba da tallafin bincike, ba Weinberg za su tambaya ba. Q1 ce ko Q2, wato kashi na farko ko na biyu in an raba mujallun fanni gida huɗu bisa lamba, shi za su duba. An yi sanarwar DORA tun 2012 cewa a daina auna mutum da lambar mujalla, cibiyoyi da yawa sun sa hannu, amma a zo a ga fom ɗin da ake cikewa.

Farfesa Isa: Ba ki yi ƙarya ba. Sai dai shi Q ɗin ma ya fi lambar tsura adalci, tunda da 'yan rukuninta ake gwada mujalla. Mai ƙaramar lamba tana iya zama Q1 a rukuninta, babbar kuma ta zama Q2 a nata. Masu lissafin fiziks ba sa ambaton juna da yawa kamar masu binciken sababbin kayan ƙira.

Sadiya: Haka ne. In ba ki da JCR, waɗannan kyauta ne: CiteScore na rumbun bayanan maƙalu na Scopus, shi shekara huɗu yake ɗauka. SJR na SCImago yana duba daga wace mujalla ambaton ya fito, ba duka ake ba nauyi ɗaya ba. SNIP na Jami'ar Leiden kuma shi ne ya fi dacewa da matsalarki, don yana la'akari da yawan ambato a kowane fanni.

Nura: Ni h5 na Google Scholar nake dubawa.

Sadiya: Ba laifi, amma yana fifita mujallar da ke buga maƙalu da yawa. Jorge Hirsch, shi ma masanin fiziks ne, don auna mutum ya ƙirƙiri ma'aunin h, wanda h5 ya samo asali daga gare shi, a 2005.

Dakta Bilkisu: Abu ɗaya kafin a watse. Duk mujallar da ta turo miki saƙo tana roƙon maƙala, ta liƙa wata lamba mai ƙyalli a shafinta da alƙawarin bugawa cikin mako guda, ki nemi sunanta da kanki a Master Journal List na Clarivate ko jerin Scopus. Akwai masu sayar da lambobin bogi da sunaye masu kama da na gaske.

Rabi'atu: Na gode ƙwarai. Tambaya ta ƙarshe: in na sa ta a arXiv yanzu, ba za su ce an riga an buga ba?

Farfesa Isa: Mujallun Physical Review da Physics Letters B duk sun yarda da hakan. Ki dai karanta sharuɗɗan wadda kika zaɓa, kuma ki nemi amincewar malaminki da duk wanda sunansa ke kan maƙalar kafin ki ɗora.