Motar asibitin ƙauye: masu aiki da ita, ku faɗi abin da kuke gani

Ungozoma daga Jigawa: Salamu alaikum. An kawo mana motar ɗaukar marasa lafiya, Hiace sabuwa fil, amma ba a ware mata kuɗin mai ko na juye ba. Tun da aka cire tallafin mai a 2023, mace na zubar da jini ana jiran mijinta ya nemo kuɗin fetur. Ku a wajenku yaya kuke yi?

Tsohon direba: Wa alaikumus salam, Hajiya. Hiace ai motar kwalta ce. Da damina, hanyar fadama ba ta shiguwa sai Land Cruiser. Abin da ya fi kashe motocin nan kuma zama ne. Batir ya mutu, taya ta sace, ranar da aka buƙace ta sai turi. Ni kullum da safe nakan tayar da ita, in duba ruwa da baƙin mai, in leƙa tukunyar oksijin, don sau da yawa tana nan daram amma babu komai a ciki. Makulli kuma ya kwana a asibiti. Idan oga ya tafi biki da shi, shi ke nan.

Ɗan Doso: Mu a Nijar akwai ɗan ƙarin dala ashirin (wato sefa ɗari) da ake karɓa a likita (wato asibiti) wajen wanda ya zo ganin malamin asibiti. A asusu guda ake tara shi, shi ke sayen gazuwal (man dizal) idan za a kai mara lafiya babban asibiti. Inda kwamiti ke riƙe da amana, yana aiki sosai.

Ɗan tasha: Malam, ku tuna da direbobin NURTW, ƙungiyar direbobin haya ta Najeriya. An horar da mu ɗaukar mata masu naƙuda, ko tsakar dare aka kira sai mu fita, kuɗin mai kawai ake ba mu. Wanda ya kai mace asibiti akan ba shi lodi ba tare da bin layi ba.

Ungozoma daga Jigawa: Gaskiya ne, sun ceci mata da yawa a nan. Sai dai mai jijjiga tana buƙatar gado da ma'aikaciya a gefenta, bayan Golf ba zai ɗauka ba. Ɗan Doso, don Allah wa ke sa hannu kafin a cire kuɗin? Zan kai maganar gaban kwamitin lafiya na mazaɓarmu.