Mai sayen gidanmu yana so in tashi 'yan haya kafin ya biya

Assalamu alaikum jama'a, ina neman shawara.

Gidan gado ne muka sa a kasuwa a Hotoro, nan Kano, ɗaki shida, da 'yan haya uku a ciki. Dillali ya kawo mana wani Alhaji mai sayen gidaje yana zuba haya, har mun daidaita a kan farashi. Sai sharuɗɗa suka biyo baya. Wai sai na tashi mutanen tukuna, don yana so ya yanka gidan ya mayar da shi ciki da falo, ya ƙara kuɗin haya. Alhali biyu daga cikinsu sun biya har ƙarshen shekara, ɗayar kuwa bazawara ce da marayu, tun Baba na da rai take zaune. Da wane ido zan kalle ta?

Sannan rabi zai bayar yanzu, amma in miƙa masa takardar shaidar mallaka (C of O) ta asali ya kai KANGIS, ofishin da ke kula da bayanan filaye a Kano, a duba. Wannan ne ya fi tsaya mini a rai. Ga 'yan'uwana mata sun matsa a raba gado.

Idan na tashe su ya fasa saye, wa zai biya asarar? Kofin takardar bai isa binciken ba? Wanda ya taɓa irin wannan ciniki, don Allah ya taimaka.